Tsohuwar Giya Ba Tsohuwar Zuma Ba Ce

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya halatta mana tsarkakan abubuwa, Ya haramta mana ƙazantattu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu amsa wata takarda ce da ta zo wa wannan fili daga wani ɗalibi, mutumin Damagaram, wanda yake karatu a birnin Bordo na ƙasar Faransa. Ya ce malamin da yake duba aikinsa, wani dattijo Bafaranshe mai kirki, wanda ya ɗauke shi tamkar ɗansa, ya gayyace shi cin abincin dare a gidansa. Da aka zauna, sai mai gida ya sauka wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, ya fito da kwalba duk ƙura, yana riƙe da ita kamar jariri. Ya ce jar giya ce ta inabi, shekararta talatin, ya saye ta ne shekarar da aka haifi 'yarsa, kuma ba ya buɗe irinta sai ga baƙon da ya kai. Ɗalibin ya ce shi Musulmi ne, ba ya sha. Mai gida ya yi murmushi, ya ce ai wannan ba irin ta mashaya ba ce, ba a shanta don a bugu, sai don a ji ƙanshi da ɗanɗano. In ma yana tsoro, to, ya kurɓa ya juya a baki ya tofar, yadda masana suke yi. Ɗalibin ya sake ƙi, ya kuwa ga alamar ran dattijon ya sosu. Bayan 'yan kwanaki sai ga wata kwalbar an aiko masa kyauta, tare da saƙo cewa ko ba zai sha ba ya ajiye, domin kowace shekara kuɗinta ƙaruwa yake yi. Yanzu kwalbar tana ɗakinsa, dattijon kuwa shi ne zai sa hannu a kan sakamakon karatunsa. Shi ne yake tambaya: shin tsufan giya yana sauya hukuncinta? Ɗanɗanawa a tofar fa? Ita kuma wannan kwalba yaya zai yi da ita?

Tun farko muna yaba wa wannan ɗan'uwa, don ya tsaya a inda tsayuwa take da wuya. Ƙin abin da maƙiyi ya miƙo ba wani aiki ba ne. Ƙin abin da masoyi ya miƙo da hannu biyu, yana ganin girmamawa ce ya yi maka, nan ake gane wanda imani ya ratsa. Amma kafin mu faɗi hukunci, ya kamata mu san abin da ake magana a kansa, gama malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san kamanninsa.

Jar giya daga ruwan inabi ake yinta. Ana matse 'ya'yan, a bar ruwan tare da ɓawonsa da ƙwallayensa a cikin manyan mazubai, sai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, watau yis, su cinye zaƙin da yake cikin ruwan, su mai da shi sinadarin maye. Jan launin daga ɓawon yake fitowa. Daga ɓawon da ƙwallayen ne kuma wani sinadari mai bauri yake shiga cikinta, dangin wanda yake cikin bagaruwar da majemanmu suke jima da ita. Wannan baurin shi ne ke sa sabuwar giya irin ta Bordo ta riƙa ɗaure harshe, shi ne kuma ke sa ta jure ajiya. Manyan gidajen da suke yinta sukan zuba ta cikin gangunan katako masu cin lita 225, ta yi kamar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, sa'an nan a ɗura a kwalabe, a toshe da ɓawon wani itace wanda ƙasar Fotugal ta fi kowa samar da shi. Kwalaben a kwance ake jera su don kada toshiyar ta bushe iska ta shiga, a wuri mai duhu, mai sanyin da bai wuce digiri 12 ko 13 ba. A nan za ta yi shekara goma, ko ashirin, ko arba'in. Baurin ya riƙa laushi, launin ya tashi daga ja mai duhu ya koma kamar na jan bulo, gutsi-gutsi ya kwanta a ƙasan kwalba, ƙanshin 'ya'yan itace ya juye zuwa wani iri da masananta suke kwatantawa da fata, da taba, da ƙasar da ruwa ya taɓa.

Abu guda ne bai gushe ba a duk tsawon wannan ajiya, shi ne kuwa sinadarin mayen. Kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari da aka ɗura ta da shi yana nan yana jiran ranar da za a buɗe. Wanda ya sha kwalba guda ta shekara talatin zai yi layi daidai da wanda ya sha ta bara.

Su mutanen Faransa sun mai da wannan sana'a abin alfahari na ƙasa. A shekarar 1855, lokacin da Sarki Napoleon na Uku zai yi babban baje-koli a birnin Faris, an nemi dillalan Bordo su jera gidajen giya bisa daraja, suka kasa jar giya hawa biyar. A hawan farko suka sa gida huɗu: Château Lafite, da Château Latour, da Château Margaux, da Château Haut-Brion. Wannan jeri ya zauna kamar tsarin sarauta, har sai a 1973 aka ɗaga Château Mouton Rothschild ya zama na biyar a cikinsu, bayan mai shi ya yi shekaru yana fafutuka. A yankin Burgundi kuwa akwai wata 'yar gona, Romanée-Conti, wadda faɗinta bai kai hekta 2 ba. A watan Oktoba na 2018 aka yi gwanjon kwalba guda ta amfanin gonar na 1945 a birnin New York, aka saye ta dala 558,000. Kwalba guda, wadda ba ta cika lita ɗaya ba. Mai karatu ya lissafa da kansa rijiya nawa wannan kuɗi zai haƙa.

Ban faɗi wannan don in yi wa kowa ba'a ba. Gaskiya ita ce akwai haƙuri da ƙwarewa a cikin aikin. Manomin inabin nan ya san kowane tudu da kwari na gonarsa, ya san shekarar da rana ta yi yawa da wadda ruwa ya ɓata amfani, yana shuka abin da jikansa ne zai ci moriyarsa. Da manomanmu da mahukuntanmu za su riƙa tattalin ƙasa da ajiye tarihin damina kamar haka, da mun ci gaba. Alƙur'ani ma da kansa, a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, bai musanta cewa akwai waɗansu amfanoni ga mutane a cikin giya ba, sai dai ya bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. Inabi kuwa Allah Ya ambace shi cikin ni'imominSa a surori da dama, kamar Suratul An'am da Suratur Ra'ad da Suratu Abasa. Saboda haka Musulmi ba ya gaba da gonar, ba ya kuma raina ƙwazon manomin. Abin da aka mai da 'ya'yan ne ake magana.

To, tambaya ta farko. Dattijon nan hujjarsa ta yi kama da karin maganarmu da muke cewa da tsohuwar zuma ake magani, watau abu in ya daɗe yakan ƙara daraja. Haka ne ga zuma, domin tun asalinta halal ce, Allah kuma Ya ambaci warakar da take cikinta a Suratun Nahli. Daɗewa tana ƙara wa abu abin da yake da shi ne tun farko. Ba ta taɓa mai da mushe yankakke ba.

Ya kamata ɗan'uwanmu ya san cewa abin da aka miƙa masa shi ne ainihin giyar da babu saɓani a kanta ko kaɗan. Malaman Kufa na farko sun yi magana a kan ɗan kaɗan na jiƙon da aka yi da wanin inabi, sauran malamai kuma suka mayar musu da martani. Amma ruwan inabin da ya tsimu har ya zama mai sa maye, babu malami ɗaya daga Gabas har Yamma da ya halatta ko ɗigonsa. Haramcin kuwa mataki-mataki ya sauka. Bayan ayar Baƙara da muka ambata, sai aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye. Daga ƙarshe aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida suka rufe ƙofa: aka haɗa giya da caca da gumaka da kiban ƙuri'a, aka kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, aka yi umurni da a nisance su. A lura da kalmar da aka zaɓa. Umurni da nisanta ya fi hani ga sha faɗi, gama wanda aka ce ya nisanci rijiya ba a ba shi izinin zama a bakinta yana lilo da ƙafa ba.

Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, ya ba da labari, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa ranar da haramcin ya sauka shi ne yake zuba wa mutane abin sha a gidan Abu Ɗalha. Suka ji mai shela a waje yana sanar da cewa an haramta giya. Nan take Abu Ɗalha ya umurce shi ya fita ya zubar, har ta riƙa gudana a lungunan Madina. Babu wanda ya ce a bari a ƙarasa ƙoƙon da yake hannu. Babu wanda ya ware tulu ɗaya ya ce wannan tsohuwa ce, mai tsada ce, a bar ta. Su kuwa Larabawa sun san tsohuwar giya sarai; mawaƙansu na Jahiliyya sun sha yabon wadda ta daɗe a tulu, wadda fatake suka ɗauko daga Sham, suna kuma da sunaye na musamman dominta. Ke nan ba wani sabon abu ne Faransawa suka zo da shi wanda Shari'a ba ta san da shi ba. An san shi, aka kuma zubar da shi.

Akwai wani hadisi da nake so mu daɗe a kansa, domin shi ne ya fi nuna yadda Musulunci yake kallon daɗewar abin sha. Imam Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa akan jiƙa wa Manzon Allah, mai tsira da amincin Allah, zabibi a ruwa, watau busasshen inabi. Yakan sha a ranar, da kashegari, da rana ta uku har zuwa yamma. Abin da ya rage bayan haka, sai ya ba mai hidima, ko ya sa a zubar. Malamai sun yi bayani cewa in bai nuna alamar juyawa ba shi ne ake bai wa wani ya shanye da wuri, in kuwa ya fara juyawa sai a zubar. Ku duba fa: inabi ɗaya ne, ruwa ɗaya ne. Mafificin halitta yana ƙirga wa abin shansa kwanaki don kada ya kai ga tsimuwa, waɗancan kuwa suna ƙirga wa nasu shekaru bayan ya riga ya tsimu. Shi kwana uku ne iyakarsa, su shekara talatin ce abin taƙamarsu. Ko da yake mafi yawan malamai sun ce ba kwanakin ne abin lura ba, mayen ne, duk da haka hadisin ya nuna mana inda tsoron Annabi yake. Wannan kuma darasi ne ga matanmu masu ajiye kunun zaƙi da zoɓo da tsimi a lokacin zafi: abin da ya fara kumfa da kansa, warinsa ya juya, a bincike shi kafin a ba yara.

Amma zancen cewa ba don buguwa ake shanta ba, wannan ma an riga an amsa shi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa Annabi ya bayyana duk abin da mai yawansa yake sa maye, to, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Shari'a ba ta rataya hukuncin a kan niyyar mai sha ba, ba ta kuma rataya shi a kan ƙarfin kansa ba. Shi ya sa a mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, haddin mai shan giya bulala 80 ne, ya bugu ko bai bugu ba. Hikimar kuwa a fili take. Babu mashayin da ya fara da niyyar zama mashayi. Kowannensu da kurɓi ɗaya ya fara, kuma mafi yawansu a wurin girmamawa aka miƙa musu. Abu Dawuda ya kuma ruwaito gargaɗin Annabi cewa waɗansu daga al'ummarsa za su sha giya suna kiranta da wani suna. Sunan gida, da shekarar girbi, da hoton fada a jikin kwalba, duk riguna ne.

Sai batun kurɓa a tofar. Gaskiya ne masu wannan sana'a haka suke yi: su ɗaga kofi su dubi launi, su kaɗa shi, su sansana, su kurɓa su juya a baki, sa'an nan su tofar a wani mazubi, don in za su gwada iri ashirin a yini kada su faɗi. Tofarwar da kanta shaida ce a kan abin da yake cikin kofin. Malamanmu sun ce haddi ba ya hawa kan mutum sai abin ya kai maƙogwaro, saboda haka mai tofarwa yana iya kuɓuta daga bulala. Kuɓuta daga bulala kuwa daban, kuɓuta daga zunubi daban. Giya najasa ce a wurin jumhurun malamai, har da shugabannin mazhabobi huɗu. Yaya Musulmi zai cika bakin da yake karanta Fatiha da najasa da gangan, ba lalura, ba tilas? Wa kuma zai lamunce masa cewa ba abin da ya bi yawu ya wuce? Wurin da Malikiyya suka yi rangwame shi ne ga wanda aka tilasta, da wanda loma ta shaƙe shi yana tsoron mutuwa, bai kuwa sami wani abin da zai kora da shi ba. Jin kunyar mai gida bai shiga cikin waɗannan ba. Sa'an nan manufar ɗanɗanawar ita ce a koya wa harshe son abin. Wanda ya koya wa harshensa so yau, gobe da wane ƙarfi zai hana maƙogwaronsa?

Wataƙila wani ya ce ai likitocin Turai sun ce jar giya tana gyara zuciya. An yi wannan yayi, musamman bayan 1991, lokacin da wani shirin talabijin a Amurka ya yaɗa cewa Faransawa suna cin mai da yawa amma ciwon zuciya bai yi musu yawa ba, wai albarkacin jar giya. Ciniki ya buɗe, masu sayarwa suka yi murna. Amma tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa barasa cikin rukunin farko na abubuwan da suke haddasa wannan ciwo, a watan Janairu na 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce babu wani gwargwado na barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 2.6 ne suka mutu ta dalilinta. Mu dai ba mu jira wannan ba. Muslim ya ruwaito cewa Ɗariƙ ɗan Suwaid ya gaya wa Annabi cewa shi don magani yake yinta, Annabi ya sanar da shi cewa ita cuta ce, ba magani ba.

Yanzu sai kwalbar da take ɗaki, wadda ita ce ta fi damun mai tambaya, kuma ita ce Shaiɗan ya fi samun ƙofa ta wajenta, domin mutum yakan ce ai ban sha ba. Wannan mas'ala ta taɓa faruwa kusan yadda take. Imam Malik a Muwaɗɗa, da Imam Muslim, sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa wani mutum ya kawo wa Annabi salkar giya kyauta, bai san an haramta ba. Da Annabi ya sanar da shi, sai ya yi wa wani raɗa. Annabi ya tambaye shi abin da ya raɗa, ya ce ya umurce shi ne ya sayar. Sai Annabi ya sanar da shi cewa Wanda Ya haramta shanta Ya haramta sayar da ita. Mutumin ya kwance bakin salkar har abin da yake ciki ya ƙare. Wanda ya fi wannan ma, Abu Dawuda ya ruwaito cewa Abu Ɗalha ya yi tambaya game da waɗansu marayu da suka gaji giya, aka ce ya zubar. Ya nemi ya mai da ita khal, watau ruwan tsamin nan da ake sa wa abinci, aka hana shi. In dukiyar maraya, wadda Alƙur'ani ya tsananta a kan tattalinta, ba ta sa an bar giya ta zauna ba, ina ga ribar da ɗalibi yake hange? Hadisin Anas kuma da Tirmizi ya ruwaito ya lissafa mutum goma da aka la'anta a kan giya, a cikinsu har da mai ɗaukarta, da wanda aka kai wa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. Saboda haka ajiye ta don ta yi tsada bai halatta ba, sayar da ita bai halatta ba, ba da ita kyauta ga wani abokin karatu wanda ba Musulmi ba shi ma bai halatta ba.

Ita wannan kasuwa ma, ga mai son sani, ba ta rasa nata abin kunya ba. A 1985 an sayar da wata kwalba a Landan a kan fam 105,000, wai Lafite ce ta 1787, wai kuma ta Thomas Jefferson ce, shugaban Amurka na uku. Daga baya masu bincike suka yi shakkar ingancinta ƙwarai. A 2014 wata kotu a Amurka ta ɗaure wani mai suna Rudy Kurniawan shekara 10, saboda yana gauraya giya mai araha a gidansa, ya liƙa mata takardun manyan gidaje, ya sayar wa attajirai. Shekaru ya yi yana haka, masu taƙama da hanci da harshe suna sha suna yabawa.

Abin da ya kamata tun farko shi ne kada ɗan'uwanmu ya karɓa. Tun da ta riga ta shigo hannunsa, shawarata ita ce ya buɗe ta ya tuttular a magudanar ruwa, ya wanke hannunsa, kada ya bari ta ƙara kwana. Na san zai ji nauyin haka, zai tuna yawan kuɗinta, ya tuna kuma fuskar dattijon. To, ya tuna aya ta 25 da ta 26 na Suratul Muɗaffifina, inda Allah Ya siffanta abin shan mutanen kirki a Aljanna da cewa tatacce ne, a rufe yake, ƙarshensa miski, Ya kuma ce a kan irin wannan ne ya kamata masu tsere su yi tsere. Suratus Saffati ta ƙara da cewa ba ya sa ciwo, ba ya gusar da hankali. Mumini ma yana da kwalbarsa da aka toshe aka ajiye masa. Buhari da Muslim kuwa sun ruwaito daga Ibn Umar cewa wanda ya sha ta duniya, bai tuba ba, za a haramta masa ta Lahira.

Game da dattijon, kada ɗan'uwanmu ya ɗauke shi abokin gaba. Mutumin nan alheri ya nufa, da abin da ya fi daraja a wurinsa ya tarbi baƙonsa. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta ba mu damar kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, Annabi kuma ya karɓi kyautar Muƙauƙis mai mulkin Masar. Ba a ce ka shiga gidan mutum ka fasa masa kwalabe ba. Malikiyya da Hanafiyya ma sun ce Musulmin da ya ɓarnatar da giyar wanda ba Musulmi ba, mai zaman amana, sai ya biya. Abin da ya dace shi ne ka je ka same shi shi kaɗai, ba a gaban baƙi ba, ka gode masa, ka gaya masa gaskiya cewa addininka ya hana ka sha da ajiyewa da sayarwa, kuma wannan ba raini ba ne ga shi ko ga ƙasarsa. Ka tafi masa da tsaraba ta gida, ko kilishi, ko dabinon Agadas, ko aikin fata. Mafi yawan irin waɗannan mutane suna girmama wanda ya tsaya a kan abu guda fiye da wanda yake sha a ɓoye yana musu a fili. In kuwa ya riƙe ka a zuci har ya taɓa sakamakonka, wanda ba na zato, to, arziki ba a hannunsa yake ba.

Sai dai ka kiyaye gaba. Tirmizi ya ruwaito hani ga mai imani da Allah da Ranar Lahira ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Saboda haka in an sake gayyatarka, ka faɗi uzurinka tun kafin ranar, ka nemi ku haɗu a kan shayi ko gahawa, ko kai ka gayyace shi ka dafa masa shinkafa da miya. Ka kuma riƙa tambaya game da abincin da aka sa maka, domin mutanen ƙasar suna da girke-girke na nama da na kaza waɗanda da jar giya ake dafa su, ba kuwa kowane mai gida ne zai tuna ya gaya maka ba.

Saura khal da za ka gani a kantunansu, wanda da yawansa daga giyar inabi aka yi shi. Masanin nan nasu Louis Pasteur, wanda ya wallafa bincikensa a kan giya a 1866, ya nuna cewa waɗansu ƙwayoyin halitta ne, in iska ta samu shiga, suke cinye sinadarin mayen su mai da shi tsami. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye ta zama khal da kanta ta tsarkaka, Annabi kuma ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Jabir. Wadda aka juyar da gangan ce aka yi saɓani a kanta, abin da ya shahara a mazhabarmu kuwa, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halil, shi ne ita ma ta tsarkaka bayan ta juye. Saboda haka khal ɗin kanti ka saya ka ci, babu laifi. Amma kada wannan ya sa ka ce bari ka buɗe taka kwalbar ka ajiye har ta yi tsami. Hadisin marayun nan ya riga ya tare wannan hanya. Allah ne Mafi sani.